Yadda Ake Daidaita Giya da Lokacin Canza Lamba a Babur Mai Ƙafa Huɗu na Tsere

Akwai wata irin kwana da duk mai tsere da babur mai ƙafa huɗu ya san ta. Ka shige ta da lamba biyu, kafin ka gama fita inji ya fara ihu, dole ka nemi fedar giya alhali nauyinka duk yana rataye gefe guda. Zagaye na gaba ka ce bari a gwada lamba uku, sai injin ya shaƙe, ya yi ta gurnani kamar an jibga masa kaya, na bayanka ya zo ya wuce. Biyu ta yi kaɗan, uku ta yi yawa. A nan ne mutane da dama ke fara zargin inji, a shiga maganar sauya salansa ko taɓa kwamfutar mai, alhali sau tari abin bai wuce haƙori ɗaya ko biyu a farantin sarƙa ba.

Maganar da za mu yi ta shafi baburan tsere masu kuloci da sarƙa, irin su Yamaha YFZ450R, Honda TRX450R, Raptor 700 da tsohon Banshee. A kan waɗannan, faranti biyu ne a hannunka: ƙarami na gaba da ke jikin inji, da babba na baya da ke kan sandar tayoyi. Tayoyin baya su ne na uku, kuma su aka fi mantawa da su.

Fara da sanin abin da ke jikin babur ɗinka

Kada ka dogara da abin da aka ce maka babur ya zo da shi, musamman idan na hannu ka saya. Goge farantan da tsumma, yawanci za ka ga an buga adadin haƙora a jikinsu. Idan lambar ta goge, sa wa haƙori ɗaya alli ka ƙirga. YFZ450R daga kamfani yana zuwa da 14 a gaba da 38 a baya, Banshee kuma 14 da 41. Raba na baya da na gaba: 38 a raba da 14 ya ba da 2.71. Ma'ana sai ƙaramin faranti ya juya sau 2.71 kafin tayoyin baya su juya sau ɗaya. Duk lokacin da wannan adadi ya ƙaru, babur ya ƙara ƙarfin ja, kowace lamba ta gajarta, gudun ƙarshe ya ragu. In ya ragu kuma, lambobin su tsawaita, ja ya yi sanyi.

Sai taya. Abin da aka rubuta a gefenta, kamar 20x10-9, suna ne kawai. Taya biyu masu rubutu ɗaya daga kamfanoni daban suna iya bambanta a tsayi, kuma iskar da ke ciki tana ƙara ko rage shi. Ga yadda nake aunawa. Sa iskar da kake tsere da ita, nemi shimfiɗaɗɗen siminti, ka hau babur da kayanka. Wani ya ja layin alli a gefen taya daidai inda ta taɓa ƙasa, ya ci gaba da layin a kan simintin. A tura ka a hankali har alamar ta zagayo ta sake taɓa ƙasa, a ja layi na biyu. Tsakanin layukan nan shi ne ainihin tafiyar taya a juyi ɗaya. A lissafi, taya mai inci 20 ta kusan mita 1.6, mai inci 18 kuma wajen mita 1.44, amma da nauyinka a kai za ka ga awon ya ɗan gaza haka.

Ka yi wa tayoyin baya duka biyu wannan awo. Waɗannan baburan sandar baya guda ɗaya gare su, tayoyin biyu dole tare suke juyawa. Idan ɗaya ta fi 'yar'uwarta faɗin zagaye, babur zai riƙa ja gefe duk sanda ka danna totur, kai kuma kana can kana neman laifin sitiyari.

Lissafin, wanda bai kai yadda ake tsoronsa ba

Mu ɗauki 14/38 a matsayin tushe. Ƙara haƙori ɗaya a baya, 14/39, ya zama 2.79, canjin kusan kashi 2.6 cikin 100. Haƙori biyu, 14/40, ya zama 2.86, kashi 5 da ɗoriya. Amma cire haƙori ɗaya tak a gaba, 13/38, sai ya haura 2.92, kusan kashi 8 a tashi ɗaya, daidai da sa 41 a baya. Shi ya sa ake cewa haƙori ɗaya na gaba a bakin uku na baya yake. Na gaba na babban gyara ne, na baya na saisaitawa.

A aikace: idan babur ɗinka da 14/38 yana kai kilomita 110 a awa lokacin da juyin inji ya kai maƙura a lamba biyar, da 14/40 zai tsaya wajen 104, da 13/38 wajen 102. Da 15/38 lissafi ya ce 118, amma da sharaɗin injin yana da ƙarfin da zai ture iska da ƙasa har ya kai juyin. Inji da yawa ba sa iyawa, sai mutum ya tsawaita giya don neman gudu ya tarar lamba huɗu ta fi biyar sauri.

Taya kuwa tana yin nata canjin ba tare da ka taɓa faranti ba. Masu tseren fili mai tudun tsalle sukan sa inci 18 a baya don babur ya yi ƙasa ya riƙe kwana. Masu tseren daji, irin gasar GNCC ta Amurka inda ake shafe kusan awa 2 ana ratsa itatuwa da taɓo, sun fi amfani da inci 20 saboda saiwoyi da duwatsu. Sauka daga 20 zuwa 18 yana rage tafiyar kowane juyi da kashi 10 cikin 100, wato ya fi cire haƙori a gaba ƙarfi. Wanda ya sa inci 18 ya ga lambobinsa suna ƙarewa da wuri, 15/38 zai mayar masa da kusan kashi 7, 15/37 kuma ya mayar da shi kusan inda ya baro. Wanda ya hau zuwa inci 22 kuwa, 13/39 ne zai kusan dawo masa da yadda ya saba.

Karanta filin kafin ka ɗauki sifana

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne daraja, kuma shi aka fi tsallakewa. Babu giyar da ta dace da babur. Fili ake yi wa giya. Ka ɗumama inji, ka yi zagaye 5 ko 6 da ƙarfinka na tsere, wani yana riƙe da agogo yana rubuta lokacin kowane zagaye. Da ka tsaya, tun abin yana sabo a kanka, zana filin a takarda. A kowace kwana rubuta lambar da ka shiga da ita da wadda ka fita da ita. Sa alama a duk inda ka canza. Sannan ka zagaye wurare iri uku: inda injin ya kai maƙura ya fara yanke wuta kafin ka isa wurin birki, inda ya shaƙe sai da ka taɓa kuloci ya farfaɗo, da inda canji ya faɗo maka a mummunan wuri, kamar gaban tudun tsalle, tsakiyar kwana, ko cikin jerin gargada inda ƙafarka ba ta da sukunin barin matakala.

Yanzu dubi takardar ka tambayi kanka ina lokaci ya fi zubewa. A yawancin filaye amsar ita ce fitar kwanar da ke kaiwa ga doguwar miƙaƙƙiyar hanya, domin duk gudun da ka rasa a fitar, da shi za ka yi ta tafiya har ƙarshen miƙen. Wannan kwana ita za ka yi wa giya, sauran su haƙura. Ni a ganina, gara injin ya taɓa maƙura na daƙiƙa ɗaya a ƙarshen miƙe da a ce ya shaƙe a fitar kwana uku.

Mu koma kwanar da muka fara da ita. A ce kana da mitar juyi, ta nuna a tsakiyar kwanar lamba uku tana ba ka juyi 5,700 a minti, injinka kuma sai daga 6,000 yake buɗe ido. Hanya biyu ce. Ta farko, ka sa 40 a baya: 5,700 sau 40 a raba da 38 ya ba da 6,000 cif, lamba uku ta zama mai amfani, ka tsira daga canji ɗaya gaba ɗaya. Ta biyu, ka tsawaita giya da 36 a baya, lamba biyu ta riƙe ka har babur ya miƙe kafin ka canza. A inji mai bugu huɗu irin na baburan 450 (YFZ450R da TRX450R), na fi son ta farko, domin babbar lamba tana sa ƙarfi ya isa ƙasa a natse, tayoyi ba su cika sulɓi ba. Inji mai bugu biyu irin na Banshee kuwa ƙarfinsa a sama yake kuma a ƙuntace, in juyi ya faɗi sai an sha wuya kafin ya dawo, don haka shi ana ba shi abin da zai riƙe juyinsa a sama.

Kafin ka yanke shawara, bi da sabon lissafin ta kowane wuri a takardar. Gajarta giya da kashi 5 yana jawo duk wuraren canji baya. Ka tabbata bai jawo ɗaya ya ajiye maka a gaban tudun tsalle ba. Sakin totur ko canza lamba a fuskar tudu yana sa gaban babur ya nutsa a iska, kuma wannan ya wuce maganar lokaci, maganar lafiyarka ce.

Aikin sauyawar

Sassauta notin ƙaramin faranti tun sarƙa tana kai, tayoyi suna ƙasa, giya tana firi, wani ya taka birkin baya. Haka birki ne ke ɗaukar ƙarfin sifana, haƙoran cikin giya su huta. Idan akwai washa mai lanƙwasasshen kunne da ke riƙe notin, miƙe shi, kuma ka tanadi sabo. Bayan nan ka ɗaga bayan babur a kan abin tsayi mai ƙarfi, ka sassauta notocin da ke damƙe gidan sandar baya. A yawancin waɗannan baburan, juya wannan gida ake yi sandar ta matsa gaba ko baya. Cire kilif ɗin gaɓar haɗi, sauke sarƙa. In na baya za ka sauya, sai ka cire tayar ɓangaren sarƙa, a wasu baburan har da ƙarfen da tayar ke zaune a kai.

Kafin ka ɗaura sabo, dubi tsohon. Haƙoran da suka yi tsini ko suka karkata kamar ƙugiya alama ce sarƙar ma ta miƙe. Gwada jan sarƙa baya daga tsakiyar babban faranti: in ta ɗago har ka ga rabin haƙori, ta gama aiki. Sabon faranti a ƙarƙashin tsohuwar sarƙa ba ya daɗewa, don haka a sauya su tare.

Sarƙar waɗannan baburan mai lamba 520 ce, tsakanin ƙusa da ƙusa milimita 15.875. Kowane haƙori da ka ƙara yana jawo sandar baya gaba da kusan milimita 4, haƙori huɗu kuma daidai suke da gaɓa biyu na sarƙa, kuma bibbiyu ake ƙara gaɓoɓi. Saboda haka canjin haƙori ɗaya ko biyu yawanci sarƙar da ke kai za ta ɗauka, fiye da haka sai a nemi doguwa. Akwai kuma abin lura ta ko'ina. Kowane haƙorin baya yana ƙara wa faɗin faranti kusan milimita 5, sai ya ƙara kusantar ƙasa da ƙarfen kariya da ke ƙarƙashinsa, musamman a kan taya inci 18 da ta riga ta sauke ka da kusan milimita 25. Mai haƙori 15 a gaba kuma yakan matse da ƙarfen da ke kare jikin inji idan sarƙa ta tsinke. Nemi wanda ya dace da shi, kada ka cire shi ka bar wurin haka. Ƙaramin faranti mai 12 ko 13 yana sa sarƙa lanƙwasa sosai, tana kuma cin robar da take gogawa a kai da wuri.

Ɗaure notocin faranti da ruwan kulle noti, a kan awon ɗaurin da littafin babur ɗinka ya faɗa. Kilif ɗin gaɓar haɗi, rufaffen kansa ne zai kalli inda sarƙa ke tafiya.

Sai sassaucin sarƙa, inda ni kaina na taɓa yin kuskure mai tsada. Na ƙara haƙori biyu a baya, na ja sarƙa ta yi kyau a ido babur na kan tsayi, ban danna shokazoba na gwada ba. Bayan 'yan tsallake-tsallake na ga mai yana naso daga bayan ƙaramin faranti, robar da ke tare mai ta lalace. Dalili shi ne sarƙa ta fi tsananta ne lokacin da shokazoba ya lotsa har ƙaramin faranti, ƙusar hannun baya (ƙarfen da ke haɗa sandar da jikin babur) da sandar tayoyi suka hau layi ɗaya. Abin da ka gani da sassauci babur na tsaye, a wannan lokaci yana iya zama tsirkiya. Bi awon littafi, ka juya tayoyi ka nemo inda sarƙar ta fi tsauri ka auna a nan, sannan ka sa mutum biyu su danne bayan babur ka taɓa ka ji har yanzu tana ɗan motsi.

Lokacin canza lamba

Abu na farko da za ka riƙe: faranti ba ya canza yawan faɗuwar juyi tsakanin lamba da lamba. Wannan a cikin akwatin giya aka gina shi. Faranti wurin da canjin zai faɗo a fili kawai yake matsarwa.

Littafin babur yana ɗauke da adadin kowace lamba, wato irin rabon nan na haƙora amma na cikin akwatin giya. Mu ɗauki misali: 2.50, 2.00, 1.63, 1.33 da 1.10. Don sanin inda juyi zai sauka, raba adadin lambar da za ka shiga da na wadda kake ciki, ka ninka da juyin da ka canza a kai. Daga biyu zuwa uku, 1.63 a raba da 2.00 ya ba da 0.815. In ka canza a 9,000, za ka sauka wajen 7,340.

Mutane da yawa suna canzawa daidai inda injin ya fi ƙarfi, suna ganin ai daga nan raguwa yake. Gaskiya ne yana raguwa, amma abin tambaya shi ne me lamba ta gaba za ta ba ka. A ce, don misali kawai, na'urar auna ƙarfin inji ta nuna naka yana ba da ƙarfin doki 40 a juyi 7,000, 43 a 7,500, 45 a 8,000, ya kai ƙololuwa da 46 a 8,500, ya sauko 45 a 9,000, 43.5 a 9,500, sannan 40 a 10,000. Ka canza a 8,500, ka bar 46 ka faɗa ƙasa da 7,000 inda ko 40 babu. Ka jira 9,000, ka bar 45 ka faɗa kan 42. Ka kai 9,500, ka bar 43.5 ka sauka wajen 7,740 inda akwai kusan 44. Nan ne wurin: inda ƙarfin da ka bari ya yi daidai da wanda za ka tarar. Kusan kullum yana gaba da ƙololuwa, kuma inda tazarar lambobi ta fi faɗi, kamar daga ɗaya zuwa biyu, ana ɗan ƙara jinkiri, inda ta matse kuma, kamar huɗu zuwa biyar, a ɗan yi wuri.

In babu wannan na'ura, agogo ya isa. Nemi miƙaƙƙen wuri a cikin filin, ka kafa alama biyu. Shigo alamar farko da gudu iri ɗaya a lamba biyu kowane karo. Yi gudu uku kana canzawa a 8,500, uku a 9,000, uku a 9,500, ka ɗauki tsaka-tsakin kowane rukuni. Ƙaramar mitar juyi, ko fitilar da ke haskawa a juyin da ka saita, tana taimakawa har kunnenka ya haddace sautin. Daga nan ka daina kallonta, idonka na fili ne.

Wannan lissafi yana aiki ne inda taya ta kama ƙasa. A busasshiyar ƙasa mai santsi ko a taɓo, lamba ɗaya da biyu sun riga sun fi ƙarfin abin da taya za ta iya riƙewa, ƙarin juyi ƙura kawai yake tayarwa. A irin wurin nan canza da wuri, bari babbar lamba ta ja. A yashi mai zurfi kuwa akasin haka ne: a ɗan lokacin da ka saki totur don canji yashin yana cinye gudunka, sai ka jinkirta canji, wani lokaci ma ka gajarta giyar duka. Haka nan fili mai tsayi daga teku, inda inji ke rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300. Giyar da ta ja da kyau a ƙasa tana iya yi masa nauyi a can.

Canjin kansa ma yana da nasa saiti. Daidaita tsayin fedar giya da takalmin da kake tsere da shi, kana tsaye a kan matakala, yadda yatsunka za su shiga ƙarƙashinta ba tare da ka ɗaga ƙafar duka ba. Ka bar wa hannun kuloci ɗan wasan da littafi ya ce, in ba haka ba zai riƙa zamewa idan ya yi zafi, mitar ta nuna juyi yana hawa alhali babur bai ƙara gudu ba. Wajen hawa lamba, ɗan tokare fedar daga ƙasa tun kafin lokaci, ka sassauta babban yatsa a kan totur na ƙiftawar ido tare da taɓa kuloci kaɗan, za ta shige da kanta. Wajen sauka kuma, gama canjinka kana kan birki babur na miƙe, domin sauke lamba a tsakiyar kwana a inji mai bugu huɗu yana iya kulle tayoyin baya ya watsar da bayan babur.

Komawa fili

Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Ka sauya faranti, to bar iskar taya, shokazoba da komai yadda suke, ka sake zagaye 5 ko 6 ɗin nan a rana ɗaya in da hali, domin ƙasar safe daban take da ta yamma. Ka yi hattara da abin da jikinka ke gaya maka: gajeriyar giya kullum ji take kamar ta fi sauri saboda ƙara da fizga, amma ƙila ta ƙara maka canji uku a zagaye. Dubi mafi kyawun zagaye, sannan ka dubi na ƙarshe. Saitin da ya ba ka lokaci iri ɗaya daga farko har lokacin da hannuwa suka fara gajiya ya fi wanda ya ba ka zagaye ɗaya mai kyau.

Kada ka manta da layin tashi. Masu 450 da yawa da lamba biyu suke tashi, domin ɗaya tana ɗaga gaba kuma tana ƙarewa nan da nan. In ka tsawaita giya, gwada tashi sau uku ko huɗu ka ga ko biyun har yanzu tana ɗauka ba tare da ka ƙona kuloci ba. In ka gajarta, lura da inda canji zuwa uku zai faɗo kafin kwanar farko.

Rubuta komai a ɗan littafi: sunan fili, yanayin ƙasa, taya da iskarta, haƙoran gaba da baya, lokuta. Bayan zagayen gwaji na farko kuma, tun kafin ka duba agogo, tsaya ka sake taɓa sarƙa, domin sabuwa tana ɗan saki a hawan farko, sannan ka bi notocin babban faranti da sifana ɗaya bayan ɗaya.